Jirgin Robar Ƙanena

Mu ba mutanen ruwa ba ne. A ƙauyenmu, can gefen Fadan Kaje, rafin da muka sani shi ne wanda mace ke tattare zani ta tsallake, kuma ko shi ɗin idan ya kawo da damina sai a zauna a kan dutse a jira ya sauka. Babu wanda ya taɓa koya mana iyo. Shi ya sa ranar da ƙanena ya dawo daga kudu da wani ƙunshi mai nauyi a bayan mota, ya ce mana jirgin ruwa ne, Mama ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Jirgi a cikin buhu?" ta ce. "Kai yaron nan, sun cuce ka."

Ni ce babba a ɗakinmu, shi ne auta. Ina koyarwa a wata sakandare a Kafanchan, shi kuwa ya yi shekaru a bakin teku yana aiki da masu haƙar yashi a cikin ruwa, har ya san injinsu ciki da waje. Ya dawo gida ne a shekarar da citta ta ruɓe a gonaki. Ganye ya yi rawaya tun damina ba ta yi nisa ba, in ka tona ƙasa sai wari ya buge ka. Gidanmu kuwa a kan citta yake tsaye. Don haka da ya ce yana da sana'ar da ba ruwanta da ciwon gona, duk muka kasa kunne.

Ya shimfiɗa abin a tsakar gida, ya jona masa wani famfo da ake takawa da ƙafa, ya yi ta takawa har gumi ya jiƙa masa riga. A hankali ya tashi, ya zama kamar dogayen matasai biyu da suka haɗa kai a gaba, da shimfiɗa a tsakaninsu, da katako mai kauri a baya. Ruwan toka ne, mummuna, jikinsa duk faci, yana warin tayar babbar mota. Na danna shi da yatsa na ji kamar cinyar bijimi. Ƙanena ya ce daga wani babban jirgin teku aka sauke shi. Irin waɗannan manyan jirage ba sa iya matsowa gaɓa, sai su tsaya can nesa, wannan ƙaramin shi ne ɗan aikensu, shi ke kai ma'aikata tudu ya dawo da su. Ya ce jirgin ya girmi ɗalibaina, ya sha rana ya sha gishiri, amma in ka hura shi farkon mako, har ƙarshen mako yana nan da taurinsa. Ya nuna mana bakin hura iska guda uku, ya ce kowanne da ɗakinsa, ko ɗaya ya fashe sauran za su riƙe mutum.

"To in duka ya fashe fa?" in ji Mama.

"Sai Ubangiji ya riƙe, Mama."

Wannan karon ba ta yi dariya ba.

Wanda ya shiga sana'ar da shi wani Alhaji ne mai sayar da siminti da rodi a kasuwar Kafanchan, inda iyayensa da kakanninsa suka tsufa. Ya san babanmu tun lokacin da yake sayen citta a hannunsa, kuma duk rigingimun da garin nan ya gani ba su hana mu gaisawa ba. Dattijo ne mai jiki, mai sanyin magana. Ni yana ce mini Malama, ƙanena kuma Injiniya. Shi ya kawo jari, ƙanena ya kawo hannu.

Suka sami wuri a wani babban kogi ta wajen Kauru, inda ruwa ke lanƙwasa yana tara yashi mai kyau. Aka haɗa gangunan ƙarfe da walda, aka ɗora musu dandamali, aka kafa injin zuƙo yashi a kai. Aka tsayar da shi a tsakiyar ruwa da manyan igiyoyi biyu, ɗaya a jikin itacen wannan gaɓa, ɗaya a jikin na wancan ƙetare. Wani dogon bututu ke kawo yashin tudu, inda tifofi ke jira. Aka kuma miƙa wata siririyar igiya daga gaɓa zuwa dandamalin. Ita ake bi ana ja, jirgin robar yana tafiya. Man inji, abinci, ma'aikata, kayan gyara, komai a cikinsa yake wucewa, safe da yamma.

Na je na gani sau ɗaya da rani. Ana jan jirgin a kan tsakuwa, ana jefa masa jarkoki, ana shiga da takalmin aiki, bai ko nuna ya ji ba. Matsalarsa ɗaya, nauyi. Sai ƙarti da yawa sun taru kafin a ɗaga shi. Saboda haka in an tashi aiki sai a kife shi a gindin itace a rufe da tsohon tamfol, a tafi ƙauye a kwana.

Wata safiya, dab da faɗuwar ruwan farko, suka zo babu shi. An yanke igiyarsa da wuƙa, yanka ɗaya. A kan yashi ga sawun babura da yawa, sun gangaro har bakin ruwa sun tsaya. Da aka hanga ƙetare, ga su can sun sake tashi sun shige daji. Ba wanda ya ce ga su wane ne. A wannan yankin ba a kiran sunansu, sai dai a ce "mutanen", a rage murya. Ba a sake ganin jirgin ba.

Alhaji ya tafi Kaduna ya dawo da sabo a cikin kwali. Abin da ya ja hankalinsa shi ne rashin nauyi: mutum ɗaya zai sace iskar, ya ninke shi, ya ɗaure a bayan babur ya tafi da shi ƙauye, ba sai an bar wa kowa a bakin ruwa ba. Wannan tunani ne mai kyau, ba wanda zai ce ba haka ba. Ƙanena ya biyo da shi gidana ranar wata Lahadi bayan mun taso daga sujada, ya hura shi a baranda. Shuɗi da rawaya ne, yana ƙyalli, har maƙwabta suka leƙo. A jikin kwalin akwai hoton wasu Turawa suna murmushi a kan ruwan da ko motsi ba ya yi.

Ya kaɗa garin sabulu a bokiti, ya shafe jirgin da kumfa, ya tsuguna yana kallo ko wani wuri zai yi ƙwai. Babu inda ya yi. Na ce, "To ai ga shi lafiya lau."

Ya bi layin haɗin da farcen babban yatsansa, a hankali, daga gaba har baya.

"Yaya, wannan ba roba ba ce," ya ce. "Leda ce mai kauri. Zo ki ga nan. Wancan tsohon jirgin, an ninka haɗinsa, an bi shi da wani ƙyalle ciki da waje. Wannan kuwa baki aka ɗora a kan baki aka shafa gam, faɗin bai kai yatsa biyu ba. Don wasan yara a ruwa mai sanyi aka yi shi. Ranar garin nan ta dake shi, gam ɗin zai saki."

"Ka gaya wa Alhaji?"

"Na gaya masa. Ya ce mu lallaɓa zuwa ƙarshen damina, zai sa a nemo mana irin wancan."

"Kai kuma ka yarda?"

"Tifofi suna layi, Yaya. In ce musu me?"

Daga nan labarin jirgin ya riƙa zuwa mini a waya, guntu-guntu, a tsakanin wasu hirarraki, kullum yana faɗa yana dariya. Fatarsa ta fara danƙo, ƙura na manne mata. Wuraren da ake ninkewa sun yi fari. Ƙaya ta huda shi, an kai wa mai faci, facin ya ɓare kafin su iso ƙauye, don gam ɗin taya ba ya kama irin wannan leda. Da tsakar rana yakan kumbura ya yi tauri kamar ganga, sai an rage masa iska. Da an tura shi cikin ruwa mai sanyi kuma sai ya saki jiki ya yi laushi, sai an ƙara. Famfon ya koma kwana a cikin jirgin. Ban gaya wa Mama ko ɗaya ba.

Amma Mama tana da nata kunnuwan. Wata 'yar zumuntar mata ta ba ta labari cewa wani kogi ta can wajen ya tafi da mutum da babur ɗinsa a mashigi. Ba ma kogin ƙanena ba ne. Duk da haka ta sa aka kira ni a waya.

"Ke ne babba," ta ce. "Ki je ki gaya masa ya fito daga ruwan nan har damina ta wuce. In na faɗa a waya yana mini wasa. Ki je ki duba idonsa ki faɗa."

Ta aiko mini da garin acca da kwalbar zuma in kai masa. Ranar Asabar na shiga ƙaramar bas, tsakiyar damina ce, ko'ina kore shar. Daga inda kwalta ta ƙare na hau acaɓa. Muka bi ta cikin masara da ta fi mutum tsawo, sannan muka fara wuce gonakin da ciyawa ta cinye, ga kunyoyin bara nan amma ba wanda ya shuka komai. Ɗan acaɓan ya daina hira. Da ya sauke ni ya ce, "Anti, in za ki koma ki kira ni kafin la'asar. Bayan nan ba na bin hanyar nan."

Na tarar da Alhaji a gindin itace a kan tabarma. Ya kawo wani sabon ƙarfe na inji, don injin ya tsaya tun safe. Muka gaisa, ya tambayi Mama da makaranta. Sama tas take, rana na duka kamar ba damina ba. Kogin ya fi yadda na san shi faɗi, amma yana tafiya a natse, ruwan ƙasa-ƙasa. Can sai ga ƙanena ya taho daga dandamali yana jan igiya, hannu bayan hannu.

Da ƙyar na gane jirgin. Shuɗin ya koɗe, rawayar ta koma launin tsohon haƙori. Gabansa ya ɗan sunkuya kamar mai jin barci.

Na ce masa saƙo na kawo, ya fito mu yi magana.

"Inji a buɗe yake, Yaya. In na zauna nan yau ba aiki. Shigo mu je, ki faɗa mini ina ɗaure ƙarfen. Yanzu zan dawo da ke."

Alhaji ya riga ya tattare babbar rigarsa, shi ma yana son ya ga injin da idonsa. Na tsaya ina kallon tazarar. Ba nisa, bai fi filin ƙwallon makarantarmu ba. Na tuna da la'asar ɗin ɗan acaɓa, na cire takalmi na riƙe a hannu na shiga. Gwiwata ta nutse a shimfiɗar kamar na taka katifa. Gefen da na zauna yana da ɗumi, yana kama zanina. Da jirgin ya motsa na cafki wani maɗauki da aka manna a gefe, sai kawai ya biyo hannuna. Ba ƙara, ba yagewa. Ya bar wurinsa fes, shuɗi mai haske, kamar an ɓare takarda daga jikin kwalba.

Na ɗaga shi na nuna wa ƙanena. Ya karɓa ya sa a aljihu.

"Ki riƙe igiya," ya ce.

Alhaji ya kalli wurin da maɗaukin ya bari, ya kalli ruwa, ya ciro carbinsa.

A kan dandamalin akwai ma'aikata biyu. Ɗaya dogo ne, ɗan bakin kogi daga can ƙasa, shi kaɗai ne ban da ƙanena ya iya iyo. Ɗayan gajere ne kakkaura, ɗan ƙauyen nan, magidanci. Aka ɗaure jirgin a gefe, cikin rana. Ƙanena ya shige ƙarƙashin inji, ni kuma na zauna a kan jarka na isar da saƙon Mama kalma bayan kalma, da yarenmu, don kada Alhaji ya ji kunya. Daga ƙarƙashin inji ya amsa mini cewa wata mai zuwa zai zo, in gaya mata yana cin abinci sosai. Na ce ba abin da aka aiko ni ke nan ba. Ya ce in miƙo masa sifana.

Muna cikin haka na ji wani ɗan sauti daga gefen jirgin, ƙis, kamar an taka busasshen ganye. Na juya. Jirgin ya kumbura ya miƙe, ya yi sumul, har ya fi kyau. Na ce wa gajeren ma'aikacin ko ba a rage masa iska ne. Ya ce yanzu zai rage, ya ci gaba da riƙe wa ƙanena ƙarfe.

Dogon ne ya fara gani. Ya daina abin da yake yi, ya tsaya a bakin dandamali yana kallon inda ruwan ke fitowa.

"Oga," ya ce. "Fito ka ga."

Ruwan ya canza launi, ya koma ja kamar kunun kanwa. Kumfa na tahowa a kansa curi-curi. Bayan kumfar sai karan masara, da ganyensa da saiwarsa. Sai wani kwano. Sai akuya, ƙafafu sama, tana juyawa a hankali, ta wuce ta gefenmu. A kanmu har yanzu rana ce. Amma can gabas, bisa duwatsu, sama ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa, kuma ko tsawa ba mu ji ba. An riga an yi ruwan a can, shi ne yake isowa.

Gangunan da ke ƙarƙashinmu suka fara gurnani. Manyan igiyoyin suka fito daga ruwa suka miƙe, ruwa na ɗiga daga jikinsu.

Ƙanena ya ajiye sifana. "A bar komai. Alhaji da Yaya su fara shiga. In na sauke su in dawo in ɗauke ku."

Ba wanda ya yi gardama, jirgin ba ya ɗaukar fiye da uku. Na bar accar Mama da zumarta a kan jarka.

Da muka rabu da dandamalin na gane ba kogin ɗazu ba ne. Ruwan ya kama jirgin ya tura shi gefe, igiyar ta lanƙwashe ta bi shi. Ƙanena ya durƙusa a gaba yana ja, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Jirgin da ya sha rana ya shiga ruwan sanyi, ina jin gefensa yana laushi a ƙarƙashina. Duk ja ɗaya sai ya karye a tsakiya ya sake miƙewa, kamar ana buɗe littafi ana rufewa. Mun wuce rabi lokacin da na ji shi. Kamar a ja yadi a yaga, sannan wani dogon numfashi. Gefen da nake zaune ya zube. Na jira ɗayan gefen ya riƙe mu, amma shi ma sai ya bi sahu, a hankali, don bangon da ya raba ɗakunan iskar a ciki shi ma ya saki. Ruwa ya hau mini har ƙugu, mai sanyi, mai nauyi.

"Igiya, Yaya! Kama igiya!"

Na kama da hannu biyu. Jirgin ya zame daga ƙarƙashina, ƙafafuna suka miƙe suka bi ruwa. Zanina ya cika yana jana. Yashi da ganye na dukan fuskata. Ina jin kaina ina kiran sunan Yesu da wata murya da ban san ina da ita ba, a bayana kuma Alhaji yana salati, yana yankewa duk lokacin da ruwa ya rufe bakinsa. Na waiga sau ɗaya. Babbar rigarsa ta buɗe a kan ruwa kamar tanti, ta ja shi har hannunsa ɗaya ya saki. Ƙanena ya rataya hammatarsa a kan igiya, ɗayan hannun ya damƙi wuyan rigar Alhaji.

"Kada ki kalle mu! Ki kalli itacen! Hannu ɗaya, sannan ɗaya!"

Na kalli itacen. Igiyar leda ce, tana cin tafin hannu kamar wuƙa, amma a lokacin ban ji zafi ba. Ina matsar da hannu ɗaya, in tsaya in sha ruwa in tofar, in matsar da ɗayan. Masu lodin tifa sun gan mu, suka shigo ruwa riƙe da hannun juna har ƙirji. Na ƙarshensu ya miƙo mini ƙotar shebur. Ban san yadda na saki igiya na kama ta ba. Na dai ji gwiwoyina sun gogi tsakuwa.

Fito da Alhaji ya fi wuya. Sai da ƙanena ya sa ya sunkuyar da kai aka zare masa rigar, ruwa ya tafi da ita, sannan aka jawo shi daga shi sai 'yar ciki. Ya kwanta a kan yashi yana amayar da jan ruwa. Jirgin kuwa yana can rataye a jikin igiya da ɗan zarensa, yana kaɗawa kamar wankin da aka shanya. Can zaren ya tsinke, ya tafi.

Sai a lokacin muka ɗaga ido. Mutum biyu suna tsaye a kan dandamali suna kallonmu.

Ƙanena ya juya zai koma ta igiya. Masu lodi suka riƙe shi, ya yi ta fizga yana zaginsu, amma igiyar ma ta riga ta nutse. Mutanen ƙauye suka fara taruwa. Aka yi ta shawara ba wadda ta kai ko'ina, kwalekwalen katako mafi kusa yana wani gari can ƙasa, kuma ba mai saka shi a wannan ruwa. Muka yi wa dogon alama da hannu ya faɗa ya yi iyo. Ya girgiza kai, ya nuna ɗan uwan aikinsa.

Ruwa ya ci gaba da hawa. Ya cinye tulin yashin da aka tara, ya kore mu daga gindin itacen. Ina tsaye ina kallon babbar igiyar wannan gaɓar, ta yi siriri don tsabar ja, zare na tashi daga jikinta ɗaya bayan ɗaya. Da ta tsinke, ƙarar kamar bindiga. Bututun ya karye. Dandamalin ya juya a kan igiyar ƙetare kamar ƙofa da iska ta tura, ya tafi da gudu ya daki bishiyoyin wancan gefe, ya karkace. Muka ga mutum biyu sun yi tsalle. Ɗaya ya tashi. Ya daɗe a sunkuye, sannan muka ga ya jawo ɗayan. Ya cire rigarsa ya kaɗa mana.

Mata suka yi guɗa, wasu suka fara waƙar yabo. Amma dattawan ƙauyen suka tsaya suna kallon ƙetare. Wancan ƙetaren shi ne inda aka daina noma, kuma gadar da za ta dawo da ma'aikatan tana da nisa sosai. Muna kallo suka shige daji.

La'asar ta wuce ban ma tuna da ɗan acaɓa ba. Matar faston ƙauyen ta kai ni gidanta, ta ba ni zani, ta wanke mini tafin hannu da ruwan gishiri ta shafa man kaɗanya ta ɗaure. Fatar ta saɓule daga gindin yatsu har tsakiya. Alhaji ya ƙi tafiya duk da direbansa ya yi ta roƙo, ya ce ba inda za shi sai ya ga mutanensa. Mai unguwa ya sauke shi. Washegari a majami'a aka yi addu'a, matar gajeren ta ƙi shiga, ta zauna a bakin ƙofa fuskarta na kallon hanya.

Bayan an tashi daga sujada ma'aikatan suka iso, su biyu a bayan babur ɗaya, ƙafafunsu duk ƙaya, hannun gajeren a karye an ɗaure shi da riga. Aka ba su ruwa, aka ba su kunu. Sai da mutane suka ragu, daga mu sai Alhaji, dogon ya yi magana.

Ya ce sun gamu da mutanen. Suna zaune a ƙarƙashin wani dutse suna fakewa, babura a jingine. Suka tsayar da su, suka duba aljihunsu, ba su sami komai ba. Ba su dake su ba. Ɗayansu ma ya dubi hannun da ya karye ya ce sannu. Sannan babbansu ya tambaya, injin nan na wane ne.

"Na ce ban sani ba, ni lebura ne. Sai ya yi dariya. Ya ce, ba na Alhajin nan ba ne mai farar mota, wanda ke zuwa ran Asabar? Ya ce a Kafanchan yake, ko? Ya ce in gaishe shi."

Alhaji na zaune cikin rigar aro da ta yi masa kaɗan. Ya ce wa direbansa ya tayar da mota, a sa mai karaya a gaba.

Shi ya kai shi asibiti, shi ya tsaya masa har hannun ya warke, ko da yake bai koma miƙewa daidai ba. Alhaji bai sake taka bakin kogin ba. Ya yi watanni yana tari, ya sayar da farar motar, ya koma rufe shago da wuri. Da na je duba shi ya ce mini, "Ni na sayo shi, Malama. Injiniya ya faɗa mini gaskiya, kyan ɗan maciji ne ya ruɗe ni." Na ce ai duk mun shiga da ƙafarmu. Da rani ya yi, ruwa ya janye, an ce ana hango injin a ƙetare, kwance a gefensa cikin yashi. Ƙanena ya so a je da tarakta a jawo shi. Alhaji ya ce a bar shi. Bayan Kirsimeti ƙanena ya haɗa jakarsa ya koma kudu.

Mama kuwa, tun a ƙauyen bakin kogin mun shirya da ƙanena cewa za mu ce mata inji ne ya lalace aka tashi daga aikin. Haka na faɗa mata da na je ƙauye, hannuwana a cikin gyale. Ta saurare ni har na gama. Sai ta jawo gyalen, ta buɗe tafukan hannuna a kan cinyarta, ta yi ta kallonsu. Da za ta yi magana, da yarenmu ta yi.

Ta ce, "Gobe in na aike ki wurinsa, ki tsaya a ƙasa ki kira shi."